Kafin a Buɗe Kogi: Yadda Mai Fatsar Ƙuda Zai Ci Moriyar Hunturun Yorkshire

Ranar 30 ga Satumba ake rufe kamun kifin da ake kira tirawut a kogunan Yorkshire da ke arewacin Ingila, ba a sake buɗewa sai 25 ga Maris. Wata shida ke nan ba 'yan kwanaki. A tsakanin nan rana takan faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba, azahar da la'asar da magariba su matso kusa da juna har ka yi su duka da alwala ɗaya, ruwan sama ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, Kogin Wharfe kuma, wanda nake zuwa daga Leeds, ya cika ya batse ya koma launin kunun kanwa.

Ga wanda bai san abin ba, fatsar ƙuda ba irin fatsar da muka tashi da ita ba ce ta soka tana a ƙugiya a jefa a zauna jira. A nan ƙugiyar ce ake yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifi yake ci. Ita muke kira ƙuda. Ba ta da nauyin da za a iya wurga ta, don haka nauyin igiyar ne yake ɗauke ta ya kai ta inda ake so.

Shekarata ta farko, da aka rufe kogi sai na jingine sanda a bayan ƙofa, na cusa wandon shiga ruwa a leda da danshinsa, ban sake waiwayarsu ba sai daren buɗewa. Da safe ban yi minti goma a cikin ruwa ba na ji sanyi yana bin gwiwata ta hagu yana gangarawa cikin safa. Na daure. Wajen ƙarfe ɗaya kifi ya taso ya ɗauki ƙudana, na ɗaga sanda, zaren ya tsinke kamar tsohuwar yanar gizo. Wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta masu fatsa yana tsaye a gaɓa yana kallo. Da na fito ya karɓi zaren ya ja shi tsakanin yatsunsa, ya sake tsinkewa. Ya ce, "Ɗana, wannan kifin tun a Janairu ya kuɓuce maka." Abin da yake nufi shi ne abin da mu muke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar na daina ɗaukar hunturu a matsayin zaman jira, ga kuma yadda nake tafiyar da shi yanzu, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka san abin da ya sa aka rufe

Wanda bai san dalili ba shi ne yake ganin dokar takura ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Janairu tirawut ke zuba ƙwai. Macen takan nemi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu ba zurfi, ta kwanta a gefe guda ta yi ta kaɗa wutsiya har ta yi gurbi, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa, sannan ta matsa gaba kaɗan ta tono tsakuwa ta rufe. Sanyin ruwa ne ke yanke tsawon zaman ƙwan. A ruwa mai digiri 5, yakan kai kusan wata uku kafin ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma ba sa fitowa nan take, sukan ƙara makonni a ƙarƙashin tsakuwa suna rayuwa da ɗan ƙunshin abincin da ke maƙale a cikinsu. Ke nan har ranar buɗewa akwai jariran kifi a ƙarƙashin ƙafarka.

Saboda haka aikinka na farko a Nuwamba ko Disamba, ranar da ruwa ya yi garau, shi ne ka je bakin kogi ba sanda. Ka sa gilashi mai kashe ƙyallin ruwa, ka duba ƙarshen wurare masu zurfi inda ruwa ke fara sauri. Za ka ga wani fili na tsakuwa ya fi na kewayensa haske kamar an share shi, da ɗan rami a gaba da ɗan tudu a baya. Gurbin ke nan. Ka riƙe wuraren a ranka, kada takalminka ya taɓa su har ƙarshen Afrilu. Taku ɗaya na iya murƙushe ɗaruruwan ƙwai. Duk wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin Argungu ya zo, wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Ka kuma rubuta ranakun a inda za ka riƙa gani, domin ba ɗaya suke ba ko'ina. A Sikotilan lokacin tirawut daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba. A yankin Cumbria da Lancashire ma 15 ga Maris ake buɗe yawancin koguna, kwana goma kafin namu. Takarda biyu kake buƙata a Ingila: lasin na Hukumar Kula da Muhalli, wanda ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 13, kuma tarar rashinsa na iya kaiwa fam 2,500, sai izinin mai ruwan, wato tikitin yini ko katin zama ɗan ƙungiya. Sabbin shiga da yawa sukan zaci lasin kaɗai ya isa. Bai isa ba. Ƙungiyoyi kan sabunta rajista a farkon shekara, wasu kuma da layin jira, don haka ka tura takardarka tun Janairu.

Ka koyi karanta kogin yana cikin fushi

Wannan shi ne abin da na fi so ka ba lokaci, domin hunturu kaɗai ke koyar da shi.

Hukumar Kula da Muhalli tana da ma'aunan tsayin ruwa a gefen koguna, kuma ana sa alƙalumansu a shafin gwamnati na GOV.UK akai-akai, kyauta. A Wharfe akwai na Addingham, da na Ilkley, da na Otley. Sai dai lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Kai ne za ka ba ta ma'ana. Ka sami ɗan littafi. Duk ranar da ka je bakin ruwa, ka duba lambar ma'aunin da ya fi kusa da wurinka ka rubuta, sannan a gefenta ka rubuta abin da idonka ya gani: wane dutse ne ya nutse, wane ne ya fito, ruwa yana da launin shayi ne ko na kunu, kana hango ƙasan kogi ko ba ka hangowa. Ni akwai wani faffaɗan dutse ƙasa da wata gada da nake aunawa da shi. In kansa ya bushe, zan iya tsallake kogin. In ruwa yana lasar kansa, sai dai fatsa daga gefe. In ban gan shi ba kwata-kwata, ko sanda ba na haɗawa. Bayan hunturu ɗaya kana wannan rubutu, kana zaune a gida za ka san ko tafiyar ta cancanci man mota.

Ka lura da zanen layin da ke nuna hawa da sauka, ba lambar yanzu kawai ba. Wharfe daga tsaunuka yake gangarowa, kuma yana tashi da sauri mai ban tsoro. Ana iya yin rana a Ilkley alhali can sama wajen Kettlewell ana tafka ruwa, bayan 'yan sa'o'i ya iso maka. Kogi mai sauka yana washewa abokin mai fatsa ne. Kogi mai hawa kuwa, ko da bai kai gwiwa ba tukuna, fita ake yi. Alamunsa a bayyane suke: ganyaye da ƙirare sun fara wucewa, launi ya fara sauyawa, dutsen da ka ajiye jaka a kai ya fara jiƙa.

Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya tana fitar da gargaɗi mai launi uku, rawaya da ruwan goro da ja, kuma tun 2015 take raɗa wa manyan guguwa suna. A Disambar wannan shekarar ne guguwar Desmond ta zubar da ruwa sama da milimita 340 cikin awa 24 a Honister da ke Cumbria. Kafin watan ya ƙare ambaliya ta auka wa Yorkshire, ranar 29 ga wata wani ɓangare na gadar Tadcaster da ke kan wannan Wharfe ɗin ya rufta, garin ya rabu biyu, ba a sake buɗe gadar ba sai Fabrairun 2017. Ruwan da ya karya gadar dutse ba zai ji nauyin mutum ba. Ranar da aka sa gargaɗi, ko gaɓa kada ka je kallo, domin ruwa yakan rarake ƙasan gaɓa ya bar ciyawa a sama tana rufe rami. Akwai kuma wani matsattsen wuri kusa da Bolton Abbey da ake kira Strid, inda kogin gaba ɗaya yake matsewa tsakanin duwatsu har mutum ya ga kamar zai iya tsallakewa. Ya ci rayuka. Duwatsunsa santsi ne da su ko da bazara, balle da hunturu. Daga nesa ake kallonsa.

Bayan ambaliya ta janye da kwana uku ko huɗu, nan ne tafiya take da riba. Ka bi gaɓa a ƙafa ka ga abin da ruwa ya sauya. Inda ka saba tsallakewa bara yana iya zama rami bana. Bishiyar da ta faɗa ruwa ta zama sabon maɓoyar babban kifi. Tsakuwa ta taru a wani wuri ta raba gudun ruwa biyu. Ka ɗauki hoto, ka zana taswira da hannunka ko ba ta yi kyau ba. Da hunturu ganye ya kaɗe, ciyawa ta kwanta, kana ganin ƙashin kogin yadda ba za ka gan shi ba a watan Yuni.

Ranar da iska ta hana fita, ta kayan aiki ce

Ka fara da wandon shiga ruwa, domin shi ne ke ɓata yini tun ba a fara ba. Ka wanke shi da ruwan ɗumi, ka shanya ciki da waje har ya bushe ƙarau. Sai ka juya cikinsa waje, ka fesa masa sifirit na isofurofil, irin wanda ake goge kayan lantarki da shi, musamman a gwiwa da tsakanin cinyoyi da bayan ƙafa. Duk inda ƙaya ta huda, nan take za ka ga ɗigo mai duhu ya bayyana. Ka zagaye shi da biro, ka bar sifirit ya bushe, ka ɗiga gam irin su Aquasure ka shafa da yatsa a cikin leda, ka bar shi ya kwana. Wannan dabara ta wando marar kauri ce mai barin gumi ya fita. In naka na roba mai kauri ne, ka shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila a ciki ka nemi inda haske ke leƙowa. In ka gama, rataye shi za ka yi, ba naɗewa ba, domin a kan lanƙwasa yake fara tsagewa.

Igiya kuma ka warware ta daga faifan naɗi cikin bahon ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ka ja ta ta cikin tsumma mai laushi. Za ka yi mamakin baƙin da zai fito. Ka bi ta da yatsa, musamman mita goman farko. In ka ji tsaga-tsaga, ta gama aiki, ka ajiye ta don atisaye a kan ciyawa ka sayi sabuwa. Siririn zaren nailan da ake ɗaura ƙuda a kai shi ne wanda ya ci amanata. Rana da zafi suna cinye ƙarfinsa ba tare da ido ya gani ba. Ka yi ƙulli a kowane naɗi, ka jiƙa, ka ja da ƙarfi. Wanda ya tsinke da sauƙi ka yanyanka shi gutsi-gutsi kafin ka zubar, saboda tsuntsaye na sarƙewa a cikinsa. A sabon naɗi kuma ka rubuta shekarar da ka saya.

Sanda ba ta da wahala. Ka zura ɗan audugar goge kunne ta cikin zobban da igiya ke bi. In ta maƙale, zoben ya tsage kuma zai ci maka igiya. Ka goga kyandir kaɗan a mahaɗar gaɓoɓin don kada su cije ko su zame. Faifai ka buɗe shi ka fitar da yashi, ɗigon mai ɗaya a kan ƙarfen tsakiya, ka sassauta birkinsa kafin ka ajiye. Takalmi ka duba ƙusoshin tafinsa, wanda ya cinye ka sauya.

Akwai wani abu da ya kamata ya zama maka ɗabi'a tun yanzu: duba, wanke, shanya. A Ingila akwai wani kirefish, halittar ruwa mai kama da jatan lande, da aka shigo da shi daga Amurka a shekarun 1970, yana ɗauke da cuta mai kashe kirefish ɗin ƙasar, kuma ƙwayar cutar tana bin jiƙaƙƙen takalmi da raga daga wannan kogi zuwa wancan. In za ka sauya ruwa, ka jiƙa kayanka a ruwan zafi mai digiri 45 na minti 15, ka shanya aƙalla kwana biyu.

Ɗaura ƙuda

Daren hunturu a nan awa goma sha shida ne. Ban san abin da ya fi cika shi da amfani kamar ɗaura ƙuda ba, wato yi wa ƙugiya sutura da hannunka. Kada ka ruɗu da ɗaruruwan nau'o'in da ke cikin shago. Ka tambayi kanka abin da kifi zai ci a ƙarshen Maris da Afrilu, ka ɗaura wannan kawai. A kogunan arewa ƙwaron farko shi ne wani mai launin zaitun mai duhu da fiffike ruwan toka, wanda ake kira Large Dark Olive. Bayansa sai March Brown a wasu wurare, a Afrilu sai Grannom ya fito tuli kamar hayaƙi, wajen 25 ga Afrilu kuma wani baƙin ƙwaro mai reto da ƙafafu ya fara faɗowa daga shinge. Nau'in ƙuda huɗu ko biyar sun ishe ka: Waterhen Bloa, da Partridge and Orange, da Pheasant Tail wanda Frank Sawyer, mai gadin Kogin Avon, ya ƙirƙiro da wayar jan ƙarfe da gashin wutsiyar tsuntsu kawai, da Klinkhammer mai yawo a saman ruwa, na Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan, sai tsutsa guda mai kan ƙarfe don nutsewa da sauri.

Ka fara da Partridge and Orange, domin tsohon ƙudan Yorkshire ne, kuma kayansa uku ne: ƙugiya lamba 14 marar ƙaya, zaren siliki ruwan lemo, da gashi ɗaya mai ɗige-ɗige daga bayan makwarwa. Ka matse ƙugiya a mariƙinta. Ka goga wa zaren kakin zuma. Ka fara naɗi daf da idon ƙugiya, amma ka bar ɗan fili kamar kaurin ƙwayar gero, naɗi uku ko huɗu ya kama. Ka ɗauki gashin ka fige furfurar gindinsa, ka riƙe tsininsa ka shafa sauran silin baya, ka ɗaure shi ta tsinin. Sai ka gangara da zare, kowane naɗi yana taɓa ɗan'uwansa, har ka kai daidai saman tsinin ƙugiya. Nan za ka tsaya, kada ka wuce. Ka dawo haka har gindin gashi. Ka kama ƙashin gashin ka zagaya da shi sau ɗaya da rabi, in ya yi yawa sau biyu, kana shafa silin baya da yatsa. Ka danne da zare, ka yanke saura, ka yi ɗan ƙaramin kai, ka ƙulle, ka ɗiga masa ɗan man ƙyalli da bakin allura.

Kuskuren kowa a farko shi ne cika gashi. Ido yana son ƙuda mai cika, kifi kuwa ba haka ba. In ka ɗaga shi gaban fitila, ya kamata ka iya ƙirga silin gashin ɗaya-ɗaya, kamar ƙafafun gizo-gizo. Su ne ke motsi a cikin ruwa kamar ƙwaron da ya kasa tashi. Wancan dattijon in ya duba nawa yakan ce, "Rage rabi." In na rage ya ce, "Ƙara ragewa."

Ka ɗaura dozin na nau'i ɗaya kafin ka koma wani. Ukun farko ba za su yi kyau ba, ka sa reza ka kankare su ka sake amfani da ƙugiyar. Wajen na takwas hannunka zai gane da kansa. Gashin tsuntsu kuma asu na sonsa: duk sabon da ya shigo gidanka ka sa shi a leda ka kwantar a firiza na mako guda kafin ya haɗu da sauran.

Hannu ba ya son hutun wata shida

Duk ranar da iska ta lafa, ko da sanyi ne, ka ɗauki sanda ka tafi filin ciyawa. Maimakon ƙuda ka ɗaura guntun zaren ulu mai haske. Ka sa gilashi da hula, ka kuma ɗaga kai ka tabbata babu wayar lantarki kusa, domin sandar kabon tana jan wuta. Ka ajiye faranti uku a nisan mita shida, da takwas, da goma. Yawancin kifin kogi a cikin wannan tazara ake kama shi, jifa mai nisa burga ce kawai.

Bakin sanda ya fara daga ƙasa, igiya a miƙe. Ka ɗaga a hankali kana ƙara sauri, ka tsaya cak da sanda ta ɗan wuce kunnenka. Ka jira igiya ta miƙe a bayanka. Sannan ka turo gaba ka sake tsayawa cak a daidai tsayin goshi, ka bar ta ta sauka da kanta. In ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawar dawowa. In igiya tana dukan ƙasa a baya, wuyan hannunka ne ke karyewa. Ka zura gindin sanda a cikin hannun rigarka zai hana. Minti goma sha biyar sau uku a mako ya fi awa biyu a rana ɗaya. Ka koyi kuma jifan da ba ya buƙatar igiya ta koma baya, wanda ake mirgino ta daga gaba, domin gaɓar Wharfe bishiyoyi ne. In da hali ka biya malami mai takardar shaida awa ɗaya a Fabrairu, zai ga abin da kai ba ka gani.

Ƙulli uku kake buƙata: na ɗaure ƙuda, na haɗa zare biyu, da na yin zobe. Ka yi ta yin su har ka iya ido rufe. Sannan ka tsoma hannu a ruwan sanyi na minti ɗaya ka sake gwadawa, domin da irin wannan hannun za ka yi su a Maris.

In zuciya ta ƙi haƙura

Akwai ƙofa biyu. Tafkunan da ake zuba tirawut na kiwo da yawa a buɗe suke duk shekara. A kogi kuma akwai girelin, kifi mai launin azurfa da babban fiffiken baya kamar tuta. Shi da bazara yake ƙwai, don haka a Ingila ana kama shi daga 16 ga Yuni har 14 ga Maris, kuma sanyi ba ya hana shi ci. Ka duba dokar ƙungiyarka, wasu sukan rufe kafin nan. Ranar da ta dace ita ce wadda aka yi kwana biyu ko uku ana sanyi ba ruwan sama, kogi ya sauka ya washe. Ranar da dusar ƙanƙara ke narkewa tana shiga kogi kuwa, ruwa ya yi wani kore-kore, ka zauna a gida, kifi ba ya motsi.

In za ka shiga, kada auduga ta taɓa jikinka, domin in ta jiƙa sanyi take riƙewa. Ulu ko yadin roba, hawa-hawa. Ka ɗaure bel a ƙugu a kan wandon ya matse sosai, ka riƙe sandar dogarawa, ka sa rigar ceto, kada ka wuce cinya. Ka gaya wa iyali inda za ka da lokacin dawowa, ka bar busassun kaya da fulas ɗin shayi a mota. Ruwan hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 5, wanda ya faɗa ciki numfashi ne ke fara ƙwace masa. In ta faru, kada ka yi kokawa da ruwa. Ka kwanta rigingine, ƙafafu suna duban inda ruwa ya nufa, ka bar numfashi ya daidaita, sannan ka karkata zuwa gaɓa. Lambar gaggawa 999 ce. In tirawut ya kama ƙudanka bisa kuskure, ka cire ƙugiya yana cikin ruwa ka sake shi, in kuma sun yawaita ka bar musu wurin. Shi ma girelin da jiƙaƙƙen hannu ake taɓa shi, ka riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har sai ya fizge da kansa, domin yana daɗewa bai farfaɗo ba.

Jikinka ma yana cikin kayan aiki. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba kowa shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a rana, da kaka da hunturu, mu masu baƙar fata kuma duk shekara. Ka yi ta tafiya a ƙafa, ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya kana goge baki. Duwatsun kogi ƙarfin idon sawu suke tambaya.

Kwana goman ƙarshe

Daga 15 zuwa 24 ga Maris an rufe girelin, ba a buɗe tirawut ba. Waɗannan kwanaki sun fi duk hunturun tsawo. Ka tabbatar da lasin da katin ƙungiya, ka jera ƙudaje a akwati ɗaya ƙarami, ka ɗaura sabon zaren gaba, ka fara bin ma'aunin ruwa safe da yamma.

Ranar 25 kuma ba dole ba ce. In kogi yana hawa, ka bar ta ta wuce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ya yi daidai, ba sai ka yi sammako ba. Ruwa yana da sanyi da safe, kifi a kwance yake a ƙasa. Ka isa wajen ƙarfe goma, ka haɗa sanda, ka zauna a gaɓa ƙasa da inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, ka zuba shayi. Tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ƙwaron zaitun yake fitowa, ya fi yawa ranar da gari ya lumshe, wani lokaci rabin awa kawai yake yi ya ɗauke. Ka zuba wa ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ido. Da ka ga sun fara shawagi suna cafkar wani abu daf da ruwa, ka duba gefen kumfa: ƙwari za su fara wucewa da fiffike a tsaye kamar ƙananan jiragen ruwa. Ka bar guda biyar ko shida su wuce, ka ga inda kifi ya taso ya cafki ƙwaro, zoben farko ya buɗe a kan ruwa, ka ƙirga tsakaninsa da na biyu. Sannan ka miƙe, ka zagaya ta bayan gurbin da ka gani a Disamba, ka shiga daga ƙasa.